Canza salansar mota: ƙarfi ake saye ko ƙara?

A watan Fabrairun 2022 hukumomin birnin Paris suka girka wata na'ura a kan titin Avron, a gabashin birnin, wadda aikinta sauraro ne. Makirufofi gare ta da kyamara, kuma duk abin hawan da ya wuce yana ruri fiye da ƙima takan gano ta inda ƙarar ta fito, ta ɗauki lambarsa. Cibiyar Bruitparif mai auna hayaniya a yankin Paris ce ta ƙera ta, tarar da aka tanadar wa mai laifi kuwa euro 135 ce, kimanin jika 88 na kuɗin CFA. Watanni kaɗan kafin nan, a Oktoban 2021, gwamnar jihar New York, Kathy Hochul, ta sa hannu kan dokar da ta ɗaga tarar salansa mai ƙara daga dalar Amurka 150 zuwa 1,000. A Hamburg ta ƙasar Jamus kuwa tun 2017 ƴan sanda suka ware runduna ta musamman da ke farautar direbobin da ke yawo cikin gari suna taka mai don a ji su.

Waɗanda ake farauta ɗin ba matalauta ba ne. Da yawansu masu motocin gudu ne irin su Porsche, BMW M3, Ford Mustang da Nissan GT-R, waɗanda kan cire salansar da mota ta zo da ita daga kamfani su saka wata ta daban. Kasuwa ce babba mai manyan sunaye: Akrapovič na ƙasar Sulobeniya, wanda wani tsohon ɗan tseren babur, Igor Akrapovič, ya kafa a farkon shekarun 1990, da Borla da MagnaFlow a Amurka, Remus a Ostiriya, Milltek a Ingila, HKS a Japan. Cikakkiyar salansar ƙarfen titaniyom ta motar alfarma takan kai euro dubu biyar ko fiye, wato sama da CFA miliyan uku, kuɗin da a nan zai sayi ƙaramar mota ta hannu sukutum. Masu sayarwa suna yi wa mai saye alkawarin abu biyu, ƙarin ƙarfi da daɗin amo. Na biyun ana samunsa nan take. Na farkon ne ke da dogon bayani.

Hanyar da hayaƙi ke bi

Injin mota yana aiki ne da bugu huɗu: ya shaƙi iska da mai, ya matse su, ya ƙone su, sannan ya tura hayaƙin waje. Wannan hayaƙi yana fita daga kowace silinda da zafin da kan haura digiri 800 idan ana taka mota sosai, kuma ba a jere yake fita ba kamar ruwan famfo, a dunƙule yake fita, bugu bayan bugu. Ƙananan bututu ne ke karɓarsa daga bakin injin su haɗe shi wuri ɗaya, ya ratsa matatar hayaƙi wadda ake kira katalizar, ya wuce ta wata ƙaramar tukunya a tsakiyar mota, kafin ya isa babbar tukunyar baya da ke kashe ƙara.

Duk abin da ya tare wa hayaƙi hanya yana sa fistan ya yi ƙarin wahala wajen tura shi, wahalar nan kuwa daga ƙarfin da ya kamata ya isa tayoyi ake cire ta. Daga nan ne tunanin faɗaɗa bututu ya samo asali. Sai dai wanda ya ɗauka cewa iya faɗin bututu iya ƙarfin mota, zai sha mamaki. Kowane dunƙulen hayaƙi da ya wuce da gudu yana barin wani gurbi a bayansa da ke janyo na biye da shi, kamar yadda babbar mota idan ta wuce a guje kan hanyar Maraɗi zuwa Damagaram take jan leda da ƙura a bayanta. Wannan jan yana taimaka wa silinda ta zazzage tsohon hayaƙi ta cika da sabuwar iska. Idan bututu ya yi faɗi da yawa sai hayaƙin ya rage gudu, ya huce, jan ya raunana, mota ta yi sanyin tashi a ƙananan giya, inda direban cikin gari ya fi buƙatarta. Wannan ne ya haifar da maganar da ake yawan ji a garejoji, wai inji yana son a ɗan toshe masa hanya. Inji ba ya son toshiya, gudun hayaƙi yake so, faɗin bututun kuma dole ya dace da girman injin da kuma juyin da ake son ya fi ƙarfi a kansa.

To nawa ake samu? A motar da ba ta da turbo, idan daga bayan katalizar zuwa wutsiya kawai aka canza, wanda shi ne abin da akasarin masu saye ke yi, ribar ba ta wuce ƙarfin dawakai ƙalilan, kuma a can ƙarshen juyin injin take bayyana. A motar da ke da ƙarfin doki 400, direba ba zai ji bambancin a jikinsa ba. Kunnensa ne zai gaya masa mota ta ƙara gudu, kunne kuwa mai saurin ruɗuwa ne. Injiniyoyin Porsche ko Ferrari ba su bar wani ƙarfi mai yawa kwance cikin tukunyar baya ba don wani ya zo ya tsinta.

A motar da ke da turbo labarin ya ɗan bambanta. Hayaƙi ne ke juya farfelar turbo, kuma gwargwadon sauƙin hanyar da ke bayan farfelar, gwargwadon saurin juyawarta. Saboda haka canza bututun da ke fita kai tsaye daga turbo, haɗe da sake tsara kwamfutar injin, yana iya kawo ƙarin ƙarfi na gaske wanda ake ji. Matsalar ita ce a cikin wannan bututun ne katalizar take zaune a yawancin motocin zamani, wato inda riba ta fi yawa nan ne doka ta fi tsanani.

Riba ta uku wadda ba a cika tallata ta ba ita ce nauyi. Titaniyom ya fi ƙarfen da ba ya tsatsa sauƙi da kimanin kashi 40 cikin 100, kuma rage kiloli daga can wutsiyar mota yana da amfani ga mai shiga filin tsere. Ga mai zuwa ofis da dawowa, cika tanki rabi maimakon fal zai rage masa nauyin da ya fi haka, kyauta.

Muryar inji daga ciki take

Salansa ba ta ƙirƙirar murya, tace wadda inji ya zo da ita kawai take yi. A injin mai bugu huɗu kowace silinda tana fashewa sau ɗaya cikin juyi biyu. Injin silinda takwas da ke juyi 2,000 a minti yana fitar da bugu 133 a daƙiƙa guda, shi ya sa ake jin gurnani mai kauri. Injin silinda goma na Lexus LFA, motar da Toyota ta ƙera guda 500 kacal tsakanin 2010 da 2012, yana kai juyi 9,000 a minti, wato bugu 750 a daƙiƙa, sai muryarsa ta koma kururuwa mai tsini. Kamfanin Yamaha ne ya taya Toyota ƙera wannan inji, kuma har masanan sauti na sashensa mai yin kayan kiɗa aka gayyato wajen daidaita amon.

Tsarin bugun ma yana da nasa tasiri. Ferrari da Mustang ta gargajiya dukansu silinda takwas gare su, amma wanda ya taɓa jin su ba zai haɗa su ba. A Ferrari an tsara karanshaf yadda ɓangarorin injin biyu ke karɓa-karɓa daidai wa daida, murya ta fito sumul. A injinan Amurka bugun kowane ɓangare ba ya zuwa a tazara ɗaya, daga nan ake samun rugugin nan mai kama da tafasar babbar tukunya. Da Ford ta saka karanshaf irin na Ferrari a Mustang Shelby GT350 ta 2015, sai muryar motar ta sauya gaba ɗaya. Haka tsofaffin Subaru Impreza, sanannen gurnaninsu daga rashin daidaiton tsawon bututun bakin injin yake fitowa, abin da a lissafin injiniya naƙasa ce amma masoya motar suka mayar da shi abin alfahari.

Tsawo da faɗin bututu kuwa aikinsu ɗaya da na kayan busa. Duk wanda ya tsaya a ƙofar fadar Sarkin Damagaram ranar hawan salla ya san kakaki mai tsawo muryarsa kauri gare ta, algaita kuma tsini. Tukwanen kashe ƙara iri biyu ne. Akwai mai ɗakuna a ciki, inda sauti ke karo da bango ya dawo ya kashe ɗan'uwansa, tana rage ƙara sosai amma tana ɗan tare hanya. Akwai kuma mai miƙaƙƙen bututu mai huji-huji wanda aka naɗe da zaren gilashi ko na ƙarfe, hayaƙi ya wuce kai tsaye, zaren ya shanye sauti mai tsini ya bar mai kauri. Wannan ta biyun ita masu neman ƙarfi suka fi so, amma zaren yana ƙonewa da tafiyar lokaci, mota ta riƙa daɗa ƙara shekara bayan shekara.

Turbo shi kansa abin kashe ƙara ne, domin farfelarsa tana niƙe bugun hayaƙin kafin ya fita. A 2014 da gasar Formula 1 ta bar injin silinda takwas ta koma mai shida da turbo, ƴan kallo da masu shirya gasa sun yi ta ƙorafin cewa motocin sun yi shiru. A 2016 Porsche ta saka injin silinda huɗu mai turbo a ƙananan motocinta na 718 Boxster da Cayman. Sun fi na da ƙarfi da gudu, duk da haka masu saye suka yi ta gunaguni kan murya, har kamfanin ya dawo da injin silinda shida a wasu samfuran daga 2019. Wannan kaɗai ya isa ya nuna abin da mai sayen irin waɗannan motoci yake biya wa kuɗi.

Gunjin da ke hana doguwar tafiya

Abin da ya fi sa mutane da-na-sanin canza salansa ba ƴan sanda ba ne, wani gunji ne mai kauri da ke cika cikin mota idan ana tafiya a gudu ɗaya kan babbar hanya, galibi a wajen juyi 2,000 zuwa 2,500. A daidai nan bugun hayaƙi yake dacewa da tsawon bututu da kuma girman ɗakin motar, sai komai ya ɗauki rawa tare, kamar mutum na zaune cikin ganga ana kaɗa ta. A bidiyon talla ba a jin sa, a gwajin minti biyar ma ba a jin sa. Sai an yi tafiyar awa biyu kai ya fara sarawa, hira da na kusa ta gagara.

A nan ne ake gane bambancin salansar da aka yi wa lissafi da wadda mai walda ya harhaɗa da ido. Manyan kamfanoni suna maƙala wa bututu wata rufaffiyar tukunya ko guntun bututu mai toshe a ƙarshe, wanda aka auna girmansa don ya kashe wannan sauti guda ɗaya ya bar sauran. Dabarar tsohuwa ce, ta masanin kimiyyar Jamus Hermann von Helmholtz na ƙarni na 19, kuma duk yaron da ya taɓa hura bakin kwalba ta yi kuka ya gwada ta. Mafi yawan kuɗin salansa mai tsada na irin wannan lissafi ne da gwaje-gwaje, ba na ƙarfen ba.

Sulhun da masana'antar ta samo tsakanin direba da maƙwabcinsa shi ne bawul. Ana saka ƴar ƙofa a cikin bututu, idan tana rufe hayaƙi ya zagaya ta tukunyar da ke kashe ƙara, idan an danna maɓalli ko an taka mai sosai ta buɗe ya fita kai tsaye. Ford ta taɓa bayyana cewa wani babban injiniyanta ya tayar da Shelby ɗinsa da sassafe maƙwabci ya kira masa ƴan sanda, abin da ya sa aka saka wa Mustang ta 2018 tsarin tashi a hankali, wanda mai mota zai iya saita masa sa'o'in da zai riƙa aiki, misali daga dare zuwa safiya.

Akwai kuma yayin tartsatsi da harbe-harbe, inda mota ke yin tas-tas kamar bindiga idan an ɗaga ƙafa daga totur. Wannan aikin kwamfuta ne: ana jinkirta wutar filogi a bar mai ya ƙone cikin bututu maimakon cikin silinda. Ko doki ɗaya ba ya ƙarawa, sai dai ya cinye mai, ya gasa katalizar da turbo.

Abin da doka ta ce a can

Ana auna ƙara da desibel, kuma ma'aunin yana da yaudara. Ƙarin desibel 3 ninki biyu ne na ƙarfin sautin, ƙarin 10 kuma kunne yana jin sa kamar an ninka ƙarar. Dokar Tarayyar Turai ta 2014 ta sa iyakar sabuwar motar gida a desibel 72 daga 2016, ta sauko 70 a 2020, sannan 68 daga 2024, tare da sassauci ga motoci masu tsananin ƙarfi har zuwa 72. A jihar Kaliforniya iyakar 95 ce, amma a can dab da bakin bututu ake aunawa mota na tsaye, don haka lambobin biyu ba sa kwatantuwa. A Turai salansar canji sai tana ɗauke da hatimin amincewa mai harafin E, kuma a Jamus saka wadda ba ta da shi yana iya soke izinin motar na hawa titi. Daga wajen 2018 ƙa'idojin hayaƙi sun tilasta saka wata matata ta biyu mai kama ƙurar hayaƙi a yawancin sababbin motocin fetur na Turai, wadda ta ƙara dusashe muryarsu, ta kuma ƙara wa masu sayar da salansa ciniki.

Amurka ta fi tsanani kan taɓa kayan tace hayaƙi. A 2016 kamfanin babura na Harley-Davidson ya amince da biyan tarar dalar Amurka miliyan 12 saboda sayar da na'urorin sake tsara inji da ke ƙara gurɓata iska. Su kuwa kamfanonin motoci sun samo wata hanyar: tun 2011 BMW M5 take kunna wa direba muryar inji ta lasifikokin cikin mota, Dodge Charger mai aiki da lantarki ta 2024 kuma, wadda ba ta da hayaƙi ko kaɗan, an saka mata akwatin sauti a baya don ta yi ruri.

Inda zancen ya shafe mu

Ferrari ba ta da yawa a titunan Yamai, balle Tawa. Amma taɓa salansa ruwan dare ne a nan, sai dai ta wata fuska. Kanikawan Najeriya suna kiran abin da ke cikin katalizar indomi, saboda ramukansa sun yi kama da taliyar, kuma sunan ya bi hanyar kasuwanci ya ƙetaro iyaka. An shafe waɗannan ramuka da ƙarafa masu daraja uku, filatinom, faladiyom da rodiyom, waɗanda ke mayar da guba uku na hayaƙi zuwa iskar da ba ta kai su illa ba, kuma lafiyayyar katalizar tana kawar da sama da kashi 90 cikin 100 na gubar. Amurka ta fara amfani da ita gadan-gadan a 1975, Turai ta wajabta ta daga 1993. A watan Maris na 2021 farashin rodiyom ya kusa dalar Amurka dubu 30 kan oza ɗaya, wato giram 31, ninkin-ba-ninkin farashin zinariya, satar katalizar kuma ta zama annoba a biranen Turai da Amurka.

Rahoton da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a Oktoban 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai, Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motocin hannu miliyan 14, kashi 40 cikin 100 kuma Afirka suka nufo. Binciken da hukumomin Holan suka yi kan motocin da ake lodawa daga can ya tarar da wasu an riga an yanke musu katalizar. Wadda ta tsira a can tana iya rasa tata a tashar ruwa, ko a hanya, ko a garejin unguwa inda za a ce wa mai mota cire ta zai buɗe wa inji numfashi.

Maganar tana da ɗan tushe, domin katalizar da ta toshe tana shaƙe mota da gaske, ta ƙi hawa tudu, ta yi zafi. Amma ba haka kawai take toshewa ba. Galibi inji ne ke shan baƙin mai ko filogi ke fashin wuta, ɗanyen mai ya riƙa isa gare ta yana narkar da ita. Idan aka fasa ta aka bar asalin cutar, an sayar da abu mai daraja ne a banza. Lafiyayyar katalizar kuwa ɗan abin da take ragewa na ƙarfi bai kai a ji shi a Corolla ko Hilux ba. Bayan cire ta fitilar gargaɗin inji takan kunnu ta zauna a kunne, saboda na'urar da ke auna hayaƙi a bayanta ta ga babu bambanci, daga nan duk wata sabuwar matsala da ta taso ba ta da hanyar sanar da direba.

Haɗarin da ya fi kusa shi ne iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari. Motar da aka cire wa katalizar tana fitar da ita da yawa, waldar da aka yi a gaggauce kuma takan bar kafa a ƙarƙashin kujeru. A watannin zafi, lokacin da mutum kan rufe gilashi ya kunna na'urar sanyi ya kishingiɗa mota na tsaye, ko ya bar yara a ciki ya shiga kasuwa, wannan kafa tana iya kisa.

Sai kuma samarin da ke zare cikin salansar babur don rakiyar amarya ko yawon dare. Ƙaramin inji mai kafireto an daidaita shi ne da salansar da ya zo da ita, idan aka buɗe ta ba a sake saita mai ba sai iska ta rinjayi mai, inji ya riƙa zafi, bawul ya ƙone da wuri. Kunnen da ya fi kowane kusa da ƙarar kuma na mai tuƙin ne. Ma'aunin masu kula da lafiyar ma'aikata a Amurka ya ba da awa takwas a desibel 85, kuma duk ƙarin 3 yana raba lokacin biyu, wato a desibel 100 minti 15 ke nan a yini. Jin da ya tafi ta wannan hanya ba ya dawowa.

Mai shirin sayen motar hannu yana iya duba nasa da kansa kafin ya biya. A ɗaga motar a leƙa tukunyar farko da ke kusa da inji: sabuwar walda a gefenta, ko miƙaƙƙen bututu a inda ya kamata a ga kumburi, alama ce an taɓa ta, kuma wadda aka kwashe cikinta takan yi amon fanko idan an ƙwanƙwasa. Sannan a murɗa makulli ba tare da tayar da inji ba. Fitilar gargaɗin inji dole ta kunnu tare da sauran fitilu, ta mutu bayan inji ya tashi. Idan tun farko ba ta kunnu ba, akwai yiwuwar an cire ƙwanta ne ko an rufe ta da baƙin salatif ta ciki.